Ɗigon Tawada a Idon Albano

Shekara talatin da ɗaya nake aski a Aveiro,
shagona na kallon mashigin ruwa inda kwale-kwale ke kwana.
Mai aski ya san abin da madubi bai sani ba:
idan namiji ya jingina, kumfa ta rufe haɓa,
ya lumshe ido,
ni kaɗai ke ganin bayan ƙofar.

Albano mai kwasar gishiri ne.
Rana ta gasa shi daga sama, farin fili ya rama daga ƙasa,
har wuyansa ya koma tsohuwar jakar fata.
A murfin idonsa na hagu, dab da layin gashi,
akwai tawadar Allah,
ƙwayar riɗi ɗaya, zagayayya, mai ladabi.
Ya ce da ita uwarsu ke bambanta shi da ɗan tagwaicinsa.

Wata Asabar bayan hunturu
na ga ɗigon ya ajiye ladabi.
Gefe guda ya miƙe ƙafa, kamar rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda,
tsakiya baƙi ƙirin, baki-baki ruwan ƙasa,
gashin ido uku sun zube, ba magaji.
Na tsayar da aska.
Na ce, Albano, abin nan ya ƙaru.
Ya ce, idonka ne ya tsufa, Gualter, gama ka sallame ni.

Na rantse ba zan ƙara taɓa gemunsa ba
sai na ga takardar asibiti.
Wata guda yana bi ta wancan gefen titi,
fuska kamar ciyawar bakin fadama.
Ran da ya ga ɗison jini a matashi
shi ya ƙwanƙwasa mini tun kafin in buɗe.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Coimbra.
Likita Leonilde ta sa ya ɗora haɓa a kan ƙarfe,
ta zaro haske siriri kamar bakin reza,
ta juya fatar ta leƙa cikinta,
ta auna, ta ɗau hoto,
ta lalubi gaban kunne da ƙasan muƙamuƙi.
Ta ce yawancin ɗigon nan baƙi ne masu kunya,
su zo da mutum, su tafi da shi, ba su ce uffan ba.
Amma wanda ya sauya kama, ido ba ya yi masa shaida,
sai an yanko an kai ɗakin gwaji.

Kwana goma sha ɗaya.
Ya zauna a bencina yana riƙe da jarida a kife.

Sankara ce, in ji ta, amma jaririya,
ba ta kai ga yin saiwa ba.
Allura, sannan wuƙa ta zagaye ɗigon da tazara,
aka duba gefuna, aka ƙara, aka sake dubawa,
aka aro fata a bayan kunne aka toshe giɓin
da zaren da ya fi gashin jinjiri sirantaka.
Ni mai taƙama da hannu, ran nan na ji kunyar askata.

Yanzu da malafa yake zuwa fili, da baƙin tabarau,
duk wata uku Coimbra.
Wurin ya yi fari-fari, babu gashi a tsakiya,
iskar teku kan sa shi hawaye ba dalili.
Ya ajiye mini buhun gishiri a bayan ƙofa, bai ce komai ba.

Jiya, kumfa a haɓa, ya ce:
su biyun suna can tare tuntuni,
idan na isa, da me tsohuwa za ta gane ni?
Na ce, da taurin kanka. Rufe idon.
Ya rufe.
Na daɗe ina dubawa kafin in ɗauki aska.