Na'ura ta Goma Sha Bakwai

Ƙarfe biyu da kwata wayata ta yi kuka.
Delmer ne, mai gadin dare:
"Renato, ta sake.
Ɗalibai ɗari uku na tsaye a waje da barguna."

Winnipeg, tsakiyar Janairu.
Motata ta yi tari sau uku kafin ta yarda.
Sanyin garin nan ba ya sallama,
hanci yake fara kamawa, sai kunne, sai haƙuri.

Na iske su a bakin ginin kwanansu,
wani da silifa a kan ƙanƙara,
wata ta rungume kwamfuta kamar jinjiri.
Numfashinsu ne kaɗai hayaƙin da ke wurin.
'Yan kwana-kwana sun hau, sun sauko,
babbansu ya miƙo mini takarda bai dube ni ba.
Karo na huɗu ke nan a wata guda.

Na farko an ɗora wa yaron da ke ƙona burodi.
Na biyu, tururin wanka.
Na uku aka ɗora mini,
Wanda Hrynyk ta kira ni ofis, ta rufe ƙofa a hankali,
irin rufewar da ta fi bugawa ciwo.

Allon da ke gindin bene ba ya ƙarya,
abin da aka faɗa masa yake faɗa:
hawa na huɗu, na'ura ta goma sha bakwai.
Na bi wayar nan gaba da baya,
na auna wutarta, na ɗaure kowane noti,
mita ta ce lafiya lau.
To, mai lafiya ba ya ihu da tsakar dare.

Na kafa tsani.
Tocila a baki, sukudireba a hannu,
gwiwata ta hagu tana ƙirga matakala da ni.
Na murɗe murfin, na kawo shi kusa da ido.

Ga shi nan.
Gizo-gizo, bai kai ƙwayar riɗi biyu ba,
ya ja zare ɗaya tal
daidai inda ɗan hasken ciki yake wucewa.
In ya motsa ƙafa, gini ya ce gobara.
Motoci uku masu jiniya, mutum ɗari uku a ƙanƙara,
takardar gargaɗi a fayil ɗina,
duk saboda wani ya samu ɗaki mai ɗumi.

Littafin aiki ya ce a fesa iska, a goge.
Na tsaya a kan tsani ina kallonsa.
Shekara goma sha tara da na sauka daga Batangas
da rigar da ba ta san hunturu ba,
ni ma inda bututun zafi ya bi na bi.

Na zubar da sauran kofi,
na kaɗa shi cikin kofin, na rufe da tafin hannu.
Hawa huɗu ƙasa, da wani ɗaya ƙarƙashin ƙasa,
ɗakin tukunyar ɗumama, bayan famfo na biyu,
inda babu na'urar da zai tayar
sai ƙananan ƙwari da ba wanda ya ƙirga.

A rahoto na rubuta: baƙon abu a cikin na'ura, an cire.
Delmer ya karanta, ya ɗaga gira, ya sa hannu.

Ƙarfe bakwai fitilun baranda suka kunna kansu.
Farfesa Oddleifson ta kara katinta, ƙofa ta buɗe,
ta wuce ni da tsanina kamar an jingine mu tare.
Ban ji haushi ba.
A aikinmu, in an san sunanka, wani abu ya lalace.

Sai wayar ta sake motsi a aljihu:
agogon babban zauren lacca ya makara da minti huɗu,
kuma jarrabawa ƙarfe tara.