Abin da ke Cewa Ya Isa

Gireda ta kwana uku a gefen hanyar Dakace,
wuƙarta a ƙasa, jar laka ta bushe a bakinta.
Baba Jatau direba ya zo Agoro da kansa,
ya ce, "Barau, ɗauko jakarka. Tsohuwa tana wari."

Tun ban hau ba ya tarbe ni,
warin ruɓaɓɓen ƙwai daga akwatin batir.
Biyun sun kumbura kamar kwaɗi,
ruwansu ya tafasa har ya cinye murfi.
Fitilun gaba sun yi baƙi ta ciki.
Muka ari batir a jikin tifa, muka tayar,
na ɗora mita.
Allura ta wuce ashirin da takwas,
ta wuce talatin, ko waiwaye babu.

Ba yunwa ta kashe su ba, ƙoshi ne.
Dainamo na ta ɗura,
shi kuwa katawut, ɗan akwatin da ke cewa ya isa,
bakinsa ya narke ya manne.

Alhaji Mato ɗan kwangila, waya a kunne,
yana ɗage bakin riga daga taɓo:
"A haɗa ta kai tsaye mana, ruwa na tafe!"
Na ce, "Alhaji, ai kai tsayen take yanzu.
Ga sakamakon nan a gabanka."

Na sha Sabon Gari shago-shago da gawar a leda.
Wani ya yi dariya, wani ya ce in gwada Kano.
Okwudili ya juya ta a tafin hannu:
"Rabona da irin wannan tun ina yaron shago."
Ya shige ciki, ya daɗe,
ya fito da wani kamar guntun sabulu,
ba maganaɗisu, ba baki, ba abin gogewa.
Muka ja, muka ja, ya rage mini kuɗin mashin.

La'asar na koma.
Wayar ƙasa ake fara cirewa,
wanda ya manta, zobensa zai tuna masa.
Kusoshi huɗu, uku suka bi ni,
ɗaya sai da na ba shi baƙin mai da haƙuri.
Sai wayoyin: rana da shekaru sun wanke launinsu,
ja da kore duk sun koma kalar kunu.
Wacce ce wacce?

Na kifa murfin allon mita in zuba kusoshi,
sai ga rubutu a cikinsa, da fensir, da ajami:
dama batir, tsakiya dainamo, hagu fil.
Na san wannan hannun.
Ya sha murɗe mini kunne a kan sifana.
Malam Ilu, ogana, shekara tara a ƙasa,
ashe ya riga ni zuwa nan.

Na zauna a kan taya. Jatau bai ce komai ba,
goro ya ɓara ya miƙo mini rabi.

Na bi yadda aka rubuta.
Na ɗan taɓa waya da waya, shuɗin tartsatsi ya yi tsit,
don dainamo ya tuna inda gabas take.
"Tayar, Baba!"
Tari biyu, baƙin hayaƙi, ƙasa ta ɗauki rawa.
Allura ta tashi: ashirin da shida, da bakwai,
ta taka takwas ta tsaya,
kamar jaki a ƙofar gidansu.
Jatau ya ƙara mata wuta. Tana nan.

Alhaji ya ce in zo Juma'a a yi lissafi.
Hadari ya haɗo ta wajen Galma.
Tsohon katawut ban kai shi fanteka ba,
yana jakata, yana buga mini ƙugu.
Kafin in ɗaure murfin na lashi bakin fensir,
ƙarƙashin layin Malam na sa kwanan wata,
sannan: an canza. Wayoyi yadda ka bar su.