Bayan Injin Niƙa

A Maraɗi tambayi inda ake ɗorin karaya,
inda jikar sefa ke komawa naira,
yaro ma zai nuna maka da leɓe.
Amma je ka tare mutum a bakin babbar kasuwa
ka ce: ina masu son barin giya ke taruwa?
Ai sai ka fara cewa ka sha.

Ni na sha.
Shekara goma sha ɗaya, bayan katangar nan
da kowa ya sani, kowa kuma bai sani ba.
Ina tauna kanumfari kafin in shiga gida,
Tsahara ta shimfiɗa mani tabarma nesa da yara,
ba ta cewa uffan.
Kuɗin walda su shiga aljihu da la'asar,
kafin asuba aljihun ya koma Gulbi da rani,
yashi zalla.

Ranar da hannuna ya ƙi riƙe ƙarfe
na ɓata ƙofar Alhaji Na-Allah,
na tafi likita.
Majo ya dubi idona, ya dubi rawar yatsuna,
ya rubuta magani,
sannan ya juya takardar ya rubuta lamba.
Ba suna.
"Kira bayan magariba. Ka ce ni na ba ka."

Kwana tara takardar na cikin hulata.
Gumi ya cinye bakwai ta koma ɗaya.
Na kira, na samu wata mai awara a Tibiri.
Na so in ce shi ke nan, Allah bai nufa ba.
Na sake gwadawa da bakwai.

Murya ta ce: Bagalam, daren Laraba,
bayan injin niƙa, ƙofar langa-langa shuɗiya.

Na sauka daga kabu-kabu tun a Mokoyo
don kada mai babur ya gane.
Sau uku ina wuce ƙofar
kamar mai cigiyar akuya.

Shagon tela ne. An tura kekuna jikin bango.
Benci biyu, mutum takwas, buta kan gawayi.
Ga mushen lakwal ɗin ɗana.
Ga direban motar Damagaram.
Ga Arzika mai faci, da ke bi na dala ɗari,
shi ne ma ya gusa ya ba ni wuri.

Na zo da kunnen jin wa'azi,
ba wanda ya yi.
Tsoho Hankurau ya ce, "Kwana ɗari biyu da shida."
Direba ya ce, "Ni jiya na faɗi."
Ba wanda ya ja tsaki.
Aka miƙa masa shayi na fari, mai ɗacin,
ya sha, ya faɗi yadda aka yi.

Kowa da gwangwanin tumatir nasa,
kwana ɗaya, gyaɗa ɗaya.
Arzika ya ce tasa ɓera ya cinye,
aka yi dariya, har ni,
ban san sa'ad da ta fito ba.

Da aka zo kaina na ce, "Sunana Nomau."
Sauran ya tsaya a maƙogwaro.
Hankurau ya ce, "Ya isa na yau."

Yanzu gyaɗata ashirin da uku.
Da safe hannun na rawa har yanzu.
Hanyar gida ta bi ta katangar nan,
sai in zagaya ta tasha, ƙafa ta biya.
Tsahara ta ga gwangwanin, ta girgiza shi,
ta mayar inda yake.
Tabarmar ba ta matso ba tukuna.

Jiya wani ya kawo gyaran amalanke,
yana magana yana kau da kai.
Kanumfari.
Na karɓi kuɗinsa, na juya rasit,
na rubuta lamba,
na danna bakwai ɗin sosai.