Kogin da Ba Ya Jiƙa Kowa

Shekara arba'in ina fito a Mai Wurno,
gora a hannu, buhunan dawa a ciki,
na ɗauka duk ruwa mai tafiya na san halinsa.
Sai ga Ikhlasu, autata,
ta dawo daga Hartum da littattafai a kwali,
ta zauna a bakin jirgi tana hura wutar jabana,
ta ce, Baba, akwai kogi a bisa kanka.

Na ɗaga kai. Shirwa ɗaya, sai shuɗi.

Ta ce, wuce shirwa. Wuce gajimare.
Wuce inda hadari ke buga kai ya baje.
Can, inda numfashi ba ya cika ƙirji,
akwai wata iska siririya mai shan rana,
tana sha tana ɗumi,
gefen da ke fuskantar haske ya yi zafi,
gefen dare ya sandare.
Zafi kuwa ba ya zama da sanyi lafiya,
sai ɗaya ya tashi neman ɗaya.
Duniya kuma tana juyi ƙarƙashinsu,
sai ta karkata su,
mai niyyar arewa ya tsinci kansa yana gudu gabas.

Na ce, to rana ce ke tuƙi ke nan.

Ta yi dariya irin ta uwarta.
Rana ta ba da guzuri, Baba, ba ita ke riƙe da gora ba.
Ka san raƙuman ruwa,
yadda suke taso wa daga tsakiya shiru,
sai sun iso tudu su miƙe su fashe?
Iska ma tana da nasu.
In ta yi karo da duwatsun Habasha,
in tsawar damina ta girgiza ta,
sai raƙuma su tashi, su yi sama,
suna hawa suna girma don hanya na ƙara sirancewa,
har su kai inda ba za su iya ɗaukar kansu ba.
Nan suke zubewa.
Duk ƙarfin da suka ɗauko daga ƙasa
nan suke sauke shi a wuyan iska,
su tsayar da ita, ko su juya mata fuska.

Kofi ya tafasa ya zube a gawayi.
Ba wanda ya kula.

Iskar da ke kanmu, in ji ta, tana hawa a hankali,
taku talatin a yini, hawainiya ma ta fi ta,
ta yi shekaru kafin ta kai ƙasar ƙanƙara ta sauka.
Kuma ba turo ta ake daga nan ba.
Jan ta ake daga nesa.

A nan na tsayar da ita.
Wannan na sani.
Ran da aka buɗe ƙofofin madatsar Sinnar,
ba ka jin ƙara, ba ka ganin hannu,
sai dai jirginka da ke ɗaure ya juya hanci,
igiya ta yi tauri,
ruwan da ke kwance jiya ya fara tafiya
saboda abin da aka yi a inda ba ka nan.

Ta dube ni ta daɗe.
Ta ɗauko biro ta rubuta a bayan littafi.
Na ce, me kika sa?
Ta ce, sunanka.

Yanzu in na yi fiton asuba,
ruwa baƙi, Dogon Tayyib yana gyangyaɗi a kan buhu,
nakan ji ni tsakanin koguna biyu.
Na ƙasa ya san tafin hannuna.
Na sama bai taɓa jiƙa ni ba,
amma wataƙila numfashin da na saki
shekarar da aka haife ta
bai riga ya sauka ba.