Ralanti

A guje ba ta da laifi.
Hanyar Dakoro ta san ta, ta san ni:
shekara ashirin da shidda muna kai allurar shanu,
ni da ita da akwatin ƙanƙara.
Agogon kilomita ya mutu tun a dubu ɗari huɗu,
ita ta ƙi bin sa.

Sai in na tsaya.
Bakin babbar kasuwa amalanken albasa ya tare hanya,
na taka birki, na jira,
sitiyari ya kama rawa a tafina,
madubi ya raba ɗan kabu-kabu ɗaya gida uku,
makullai suna ta gulma da junansu.

Garejin Nomau na Sabon Gari, gindin dogon yaro.
Bai bar ni na gama bayani ba.
Ya ce, "Bar ta a ralanti, ita za ta faɗa."
Ya aza kofin ruwa bisa rufinta, ya duƙa,
ruwan na yin zobe, zobe na cin zobe.
Ya kafa dogon ƙarfe a jikin inji,
ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido.

Ya zare wayar buji ta fari, ta yi tuntuɓe.
"Wannan na cin guminsa."
Ta biyu, tuntuɓe.
Ta uku ya zare, ko gezau.
"Ga ragon.
Uku ke ɗauke da kayan huɗu.
Gudu na rufa asiri, Malam Jari,
tsayuwa ke tonawa."

Bujin ya fito baƙi ƙirin, jiƙe da mai.
Aka sa sabo. Zoben ruwa ya ragu, bai tafi ba.
Yaronsa Tsahiru ya ce a kwance karbirato duka.
Nomau ya ce, "Kai, kunne kafin sifana."
Can ƙasa wani abu na tsaki, siriri,
ashe tiyo ne ya tsage, yana shan iskar da ba a ba shi ba.
Reza ta datse bakin, aka mayar.

Saura kaɗan.
Ya zura sanda ƙarƙashin inji, ya danna,
injin ya ɗaga kafaɗa guda kamar mai ƙin aike.
Robar da yake zaune a kai ta yi faso,
ta fi dugadugan manomi.
Jika tara, ta hannu, wadda ta zo daga Kwatano.
Na ce bakwai. Ya ce tara. Na ba da takwas da godiya.

La'asar ta yi, ya sake aza kofin.
Ruwan na motsi kaɗan, kamar numfashin mai barci.
"Wannan fa?"
"Wannan shekaru ne.
Ba na karɓar kuɗin mutum a kan shekaru."

Muka zauna kan tsohuwar kujerar bas, Tsahiru na hura gawayi.
Nan na ga Nomau ba motar yake kallo ba.
Hannuna na hagu ne, bisa gwiwa,
babban yatsa na ƙirga kuɗin da babu.
"Tun yaushe?"
"Tun da na aje aiki. In na kama abu yakan daina."
"A ralanti ke nan," in ji shi,
kuma bai yi dariya ba.

Ya karɓi butar daga hannun yaron,
ya zuba mini shayi rabin kofi, don kada ya zube.
"Wannan ba garejina ba ne.
Ka je babban asibiti ran Litinin,
ka nemi wanda zai saurara kafin ya kwance."

Na tada ta. Ta amsa da bugu ɗaya.
Gida na Ali Ɗan Sofo, minti biyar ne.
Na bi ta hanyar Ɗan Isa,
inda babu abin da zai tsai da mu.