Tambayar Tsaro

A Valdivia ruwan sama ba ya sallama.
A kafaɗa ya shigo mana da shi ofishin ƙasan bene,
Farfesa Eleuterio Carrillanca,
shekara talatin da takwas yana koyar da ilmin tsirrai.

"'Yata, na'urar nan ta ce ba ta san ni ba."

Sau uku ya gwada kalmar sirri,
sau uku allo ya girgiza masa kai,
sai asusun ya rufe ruf, kamar ƙofar da iska ta bugo.

Na duba katinsa. Mai baƙin gashi ne a hoton.
Na ce, "Akwai tambayar tsaro:
yaya sunan karenka na fari?"

Ya yi shiru
har na ji lemarsa tana ɗiga a siminti.
"Canelo. Kogi ya tafi da shi shekarar girgizar ƙasa.
Ina ɗan bakwai."

Na buga. Ta buɗe:
saƙo dubu biyu, rabi gayyatar taro.

Ko kallo bai yi ba.
Yana ta kwatanta mini kunnuwan, ɗaya tsaye ɗaya kwance,
layin ɗalibai ya kai matakala,
kowa da waya a hannu,
ni kuwa na kasa cewa "na gaba".