Mi Za Ya Ci?

Na shiga garejin Arzika da takarda a naɗe.
Ya warware ta, ya juya ta sama da ƙasa,
ya ɗora kofin shayinsa a kan lissafina,
ya ce, "Barira, mi za ya ci?"
Na ce gugan ƙugiya ne, Baba, ba ɗan akuya ba.
Ya ce, "Kowane baki da cimarsa.
Na taki daban, tsatsa ke binsa.
Na aya ba ya son haƙori, leɓe yake so mai haɗuwa,
kada ƙwaya ta sami ƙofa.
Faɗa mini abincin, in san haƙoran da zan dasa."

Yashin Gulbi, na ce, na bayan damina,
wanda ruwa ya janye ya bari kwance,
jiƙaƙƙe, mai nauyin tsohon bashi.

Muka yanka ƙarfe mai kaurin yatsa.
Muƙamuƙi biyu, ƙusa guda ta haɗa su.
Igiyar waya biyu, wannan ta riƙe, waccan ta rufe,
ta rufewar ta zagaya kura sau huɗu
don jan hannu ɗaya ya zama na huɗu.
Sati uku wutar walda na cin idon yara,
su kwana da jiƙaƙƙen tsumma a fuska,
ni kuwa ina ƙirga kilo a bayan kwalin suga.

Ranar gwaji muka gangara gulbi da hantsi.
Guga ya sauka baki buɗe,
ya lashi bayan yashi kamar kyanwa,
ya taso da abin da bai kai tiya goma ba.
Masu amalanke suka jingina da shebur,
dariya har da riƙe ciki.

Laifina ne. Na rame shi a takarda
don tausayin ƙugiya,
ashe da nauyin jikinsa yake nitsewa.
Muka liƙa masa ƙarfe a kafaɗu.
Ya ciza, ya cika,
sai ƙugiya ta yi nishi, ƙafarta ta baya ta bar ƙasa,
direba ya diro yana salati.
Rabin kayan da ta ɗauka gugan ne kansa.

Da dare, a Bagalam, na kasa tuwo.
Kakata Tabawa na awon aya a gindin fitila,
na zuba wa hannuwanta ido.
Ba ta danna tafi ƙasa.
Nesa da juna take sa su,
yatsu su shiga a karkace,
su zagayo ta ƙarƙashi sannu sannu,
kafin su gamu aya ta hau da kanta.
Shekara hamsin tana wannan,
ba wanda ya taɓa zana mata.

Da asuba na tarar da Arzika yana hura gawayi.
Ban buɗe takarda ba, na tsuguna,
na kwaikwayi hannun a cikin ƙasa.
Ya daɗe yana kallo.
Ya ja layi da yatsa, ya goge, ya sake ja.
Muka faɗaɗa hamma, muka lanƙwasa ciki,
muka matsar da ƙusa taƙi ɗaya,
muka ɓamɓare rabin abin da muka liƙa.

Yanzu cizo shida ke cika mota.
Igiya ba ta kuka, ƙafa huɗu na ƙasa,
ruwa na tsiyayewa ta ƴan ramukan da muka huda.
Na tsaya a kan gaɓa ina jin kaina ya yi girma.

Nomau ne ya matso, shi da ya fi kowa dariya ranar farko.
Jakinsa na baya, amalanke fayau.
Ya shafa haƙorin guga, wanda yashi ya goge yana ƙyalli,
ya ce, "Aiki ya yi kyau, ƴar nan.
Shebur nawa yake ci a wuni?"

Na koma na warware takarda.
Akwai kaurin ƙarfe, akwai jan igiya,
akwai nauyin yashi jiƙe da bushe.
Inda zan rubuta amsar Nomau
babu komai sai zoben da kofin Arzika ya bari.